Daren da Ake Mai da Aljani Abin Dariya: Rawar Dodannin Sinhala

Wajen ƙarfe uku na dare, a wani ƙauye da ke kudancin Sri Lanka, mara lafiya na zaune a kan tabarma cikin fararen kaya, danginsa da maƙwabta sun yi masa zobe. Tun magariba ake kiɗa, kunnuwa har sun gaji. Sai wani abu ya faso daga bayan wata rumfa da aka yi da ɓawon ayaba da ganyen kwakwa: baƙin tufafi, ganye a ƙugu, fuskar itace mai haƙora a waje, ya lulluɓa da mayafi yana kakkarwa kamar wanda sanyin hunturu ya kama a bakin kogi. Wannan shi ne aljanin da aka ce yana sa zazzaɓi mai sanyi. Maimakon jama'a su watse, sai ka ji an tuntsire da dariya. Makaɗi ya tare shi da tambaya, shi kuma ya ba da amsar wauta. Abin da kowa ke satar kallo shi ne fuskar mara lafiyar, ko shi ma zai murmusa.

Wanda bai san al'adar ba zai ɗauka an bar jinya an koma wasa. Masu abin kuwa a wajensu nan ne jinyar ta kai maƙura, kuma duk wahalar daren don wannan lokacin aka sha ta.

Sri Lanka tsibiri ne da ke kudu da Indiya, mai mutane kusan miliyan 22. Kashi uku cikin huɗu 'yan ƙabilar Sinhala ne, akasarinsu mabiya addinin Buddha. Raye-rayensu na gargajiya gida uku ne: na tuddan Kandy, na yankin Sabaragamuwa, da na gangaren bakin teku a kudu da kudu maso yamma. Wanda aka fi nunawa a talabijin shi ne na Kandy, mai adon azurfa a ka da ƙirji, amma shi fuska a buɗe ake yin sa. Rawar da ake rufe fuska da itacen da aka sassaƙa ta mutanen bakin teku ce, yankunan Galle da Matara, da garuruwa irin su Ambalangoda, Bentara da Mirissa. Bukin warkarwa gaba ɗaya sunansa tovil. Mafi shahara a cikinsa shi ne Sanni Yakuma, wanda kuma ake kira Daha Ata Sanniya, wato cututtuka goma sha takwas.

Turawan mishan ne suka laƙaba wa abin suna rawar shaiɗanu. Tun 1829 wani ɗan mishan mai suna John Callaway ya fassara waƙoƙin bukin zuwa Turanci aka buga a Landan, kuma sunan ya bi abin har yau. Sai dai sunan yana ɓatar da mai karatu. Ba bauta wa aljanun ake yi ba. Kiran su ake yi, a ba su ɗan abin da suke kwaɗayi, a tuna musu cewa akwai na gaba da su, sannan a kore su. Kalmar da Sinhala ke amfani da ita ita ce yaka, jam'inta yakku, kuma a tsarin duniyarsu yakku suna can ƙasa: Buddha a sama, sai alloli, sai mutane, sannan su. Suna da sarki mai suna Vesamuni, kuma ko cutar da mutum ba sa yi sai da izini. Wannan batu na izini shi ne ƙashin bayan komai, za mu dawo kansa.

Ta yaya aljani ke samun mutum? A nan akwai wata kalma da ta cancanci a tsaya a kanta: tanikama. Ma'anarta kaɗaici. Ba zaman mutum shi kaɗai a ɗaki kawai ake nufi ba. Har da wanda ke cikin jama'a amma zuciyarsa ta ware, kamar amaryar da aka kai gidan da ba ta saba ba, ko wanda aka yi wa rasuwa, ko matar da mijinta ya tafi ci-rani ya bar ta da tunani. Masanin halayyar al'umma Bruce Kapferer, wanda ya zauna da masu wannan sana'a a yankin Galle ya kuma fitar da littafi a kansu a 1983, ya nuna cewa a ganinsu wannan hali ne ke buɗe ƙofa. Mutum na cikin kaɗaici, sai wani abu ya firgita shi a mararraba, ko kusa da maƙabarta, ko a bakin rafi, da tsakar rana ko da almuru, sai kallon aljani ya faɗa kansa. Kallon ma suna da sunansa, disti. Bahaushe ba zai ji wannan baƙo ba, mu da aka hana mu fita da magariba tun muna yara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, su kuma tsagar da suka gano ita ce kaɗaici.

Daga nan sai bayanin ya haɗu da likitancin gargajiyarsu na Ayurveda, wanda ke cewa lafiyar jiki tana kan daidaiton abu uku: iska, ɗacin matsarmama, da majina. Firgita ta dagula su, sai ciwo ya bayyana a jiki. Shi ya sa ba sa ganin saɓani tsakanin shan magani da kiran mai tovil. Hasali ma babban buki ba shi ne matakin farko ba. Akan je asibiti, a je wurin mai maganin gargajiya, a zo a yanka lemun tsami a kan mara lafiya ana tofi, a ɗaura masa zare a hannu ko a wuya a matsayin alkawarin cewa za a yi wa aljanin bukinsa in ya sassauta. Sai abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ake tara kuɗin kwana ana kiɗa.

Labarin asalin aljanun goma sha takwas ba shi da daɗin ji. An ce wani sarkin Licchavi a arewacin Indiya, Sankhapala, ya tafi yaƙi bai san matarsa na da ƙaramin ciki ba. Da ya dawo ya tarar ciki ya fito, aka kuma zuga shi cewa ba nasa ba ne. Ya sa aka kai ta aka kashe. Ɗan bai mutu ba. Ya fito, ya rayu a kan gawar uwarsa, ya girma da ƙudurin ɗaukar fansa a kan ubansa. Ya shiga daji ya tattaro guba iri-iri, ya dunƙula ta curi goma sha takwas, ya yi musu tsafi, kowane curi ya zama aljani. Wannan ɗa shi ne Maha Kola, uban gayyar. Suka afka wa Vesali, babban birnin Licchavi, suna kashe mutane ba adadi, har sai da Buddha ya zo ya tanƙwara su. Sharaɗin da aka yi shi ne: an bar su su sa wa mutum ciwo, amma ba su da ikon kashe shi, kuma da zarar an ba su hadayarsu dole su sake shi.

Abu biyu ke burge ni a labarin nan. Na farko, annoba ta samo tushe ne daga zalunci a cikin gida, daga ƙazafin da aka yi wa mace. Na biyu, labarin bai ce an hallaka aljanun ba. Yarjejeniya aka yi da su. Ciwo na nan, ba inda za shi, amma yana da iyaka, kuma akwai takardar da za a zaro a nuna masa. Duk daren tovil maimaita wannan shari'ar ce a tsakar gidan mara lafiya.

Kowane aljani da fuskarsa, kuma masassaƙan ba su yi aikin da ka ba. Amukku Sanniya, mai sa amai, fuskarsa kore ce, harshe a waje. Gini Jala, na zazzaɓi mai zafi, ja ne kamar garwashi. Gedi Sanniya fuskarsa duk maruru. Kana makaho ne, Golu bebe ne da baki a hangame ba magana, Kora gurgu ne, kuma akan sassaƙa fuskarsa a karkace kamar ta wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne Bihiri, aljanin kurumta: gamsheƙa ce ta fasa kai ta rufe masa gefen fuska, saboda a wajensu maciji ba ya ji. Akwai na tsutsar ciki, na farfaɗiya da majina, na sanyin ƙashi, na mugun mafarkin macizai, da Deva Sanniya na annoba irin su agana da ƙyanda. Hauka kaɗai an raba ta gida uku, an bambanta ta ɗan lokaci da wadda aka danganta da aljanu da wadda ba ruwanta da su. Jerin sunayen yakan ɗan sauya daga wannan gari zuwa wancan, amma adadin ba ya sauyawa. Akwai kuma wata ƙatuwar fuska ta Maha Kola kansa, ya danne mutum a baki, macizai sun miƙe a kansa, ƙananan fuskoki tara a dama tara a hagu.

A 2006 likitoci biyu, Mark Bailey da Janaka de Silva, suka yi rubutu a mujallar likitocin Birtaniya ta BMJ suna cewa waɗannan fuskoki tsohon tsari ne na rarrabe cututtuka, kuma da yawansu sun dace da alamun da likita ke gani a asibiti. Gaskiyarsu. Mu ma nan ai muna da ragowar irin wannan tunani a bakinmu: duk wanda ya ce shan inna, ko ya sani ko bai sani ba, sunan wata iska ta bori ya ambata. Bambancin shi ne a bori iska hawa mutum take yi ta yi magana da bakinsa, a nan kuwa, a wannan sashe na bukin, mai rawa fuskar aro ya ɗaura, kuma kowa a wurin ya san ko wane ne a ciki.

Tun da rana ake shiri. Ana sare ayaba a ɓare jikinta fari sol, a yanko ɗanyen ganyen kwakwa mai ruwan ɗorawa, a sassaƙa a kitsa, a tayar da rumfa da ƙananan tirori na hadaya. Aikin yini guda ne na mutane da yawa, kuma kashegari za a kwashe shi a zubar. A kan tirorin akwai furanni, shinkafa, soyayyen hatsi, da ɗan abin ƙarni, don an ce aljanu masu son soye-soye ne da jini. Ana kawo zakara a ɗaure masa ƙafa. Mara lafiya na zaune, an tare gabansa da farin ƙyalle. Shugaban aikin, wanda ake kira adura ko kattadiya, ya fara da ambaton Buddha da alloli, don a san da izinin wa ake taron.

An raba daren kashi uku: na farkon dare, na tsakar dare, da na asuba. A kashin farko kira ake yi. Ganga mai suna yak bera, doguwa mai baki biyu da ake ɗaurawa a ƙugu a buga da tafin hannu, tana da wata murya mai kauri da ake ji a ciki kafin a ji a kunne. Ana rera baitocin asalin kowane aljani, inda aka haife shi da abin da ya aikata, kamar mai karanta wa ɓarawo tarihinsa a gaban alƙali. Ana kawo tiren hadaya gaban mara lafiya, ya shafi fuskarsa da hannu biyu sau uku ya sauke a kan tiren, alamar ya juye ciwon a can, jama'a na amsawa da addu'ar tsawon rai.

Tsakar dare ne abin ke yin zafi. Masu rawa da akayau a ƙafa suna juyi kamar guguwa, riƙe da sandunan wuta. Kowannensu na ɗebo garin ƙaro mai suna dummala ya watsa a kan wutar, sai harshenta ya yi tsalle sama da kan mutane, wuri ya yi haske fau, ya sake duhu, hayaƙi mai ƙamshi ya cika ko'ina. Wani har cusa sandar wutar yake a baki. A wasu nau'o'in tovil, adura na kwanciya a kan tabarma kamar gawa, ya miƙa kansa a madadin mara lafiya, a naɗe shi a ɗauke, wai a yaudari aljanin ya ɗauka ya samu abin da ya zo nema. Zakaran ma aikinsa ke nan, fansa. A bukin Mahasona, babban aljanin maƙabarta, tsoron ya fi haka. Shi an ce wani ƙato ne mai suna Jayasena da ya yi faɗa da Gotaimbara, ɗaya daga cikin baraden sarki Dutugemunu da ya yi mulki a ƙarni na biyu kafin haihuwar Annabi Isa. Aka fille masa kai da shuri ɗaya, aka yi gaggawar liƙa masa kan wata dabbar dawa mai baƙin gashi da ake kira beyar. A wannan lokaci na dare mara lafiya kan fita hayyacinsa, ya tashi yana rawa, a tambayi abin da ke jikinsa me yake so, yaushe kuma zai tafi.

To, an kai tsoro ƙarshensa. Mai hankali zai zaci daga nan sai addu'a a watse. Sai aka yi hutu, aka raba shayi da ɗan abin taɓawa, sannan aka buɗe wani babi dabam.

Masu share fage ne ke fara fitowa, ana kiran su pali. Kowanne da abin da ya kawo: wannan sandar wuta, wancan mayafi, wani tulu, wani kwakwa, wani zakara. Kayan girmamawa ne irin waɗanda ake kai wa alloli, amma 'yan aiken ba su san yadda ake riƙe su ba. Mai mayafi ya rasa inda ake yafa shi, ya goge abin da bai kamata ba da shi. Daga nan sai aljanun cuta su fara shigowa ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa mutum ɗaya ko biyu ne ke sauya fuska a bayan rumfa, kuma ba lalle ne a fito da duka goma sha takwas ɗin ba in dare ya ja. Kowanne ya shigo da ƙaraji da tsalle, ya kwaikwayi cutarsa: mai amai na yunƙuri, gurgu na ɗingishi da sanda, makaho na lalube yana karo da mutane, kurma ana yi masa tambaya gabas yana amsawa yamma.

Makaɗi ne abokin zancensu, shi ke tsayawa a matsayin mai hankali. Ya tambayi aljani daga ina, ina za shi, me yake nema. Aljanin ya buɗe baki sai kwaɓa. Ba ya iya furta kalma daidai, in ya so faɗin abu mai tsarki sai harshensa ya karkace ya faɗi na batsa, makaɗi ya gyara masa, ya sake ɓatawa fiye da da. Ga zarin ci, ga tusa, ga rashin sanin yadda ake wanka ko gaisuwa. A ciki akan soki ɗan sanda mai karɓar na goro da ɗan siyasar yankin, jama'a na shewa. Gananath Obeyesekere, masanin ɗan ƙasar da ya yi nazarin wannan buki a 1969, ya bayyana wani sashe inda aljani ke iso wata ƙofa da masu gadi suka tare. Ya yi barazana, ba a buɗe ba. Ya gwada toshiya, ba a karɓa ba. Sai da ya amince da ikon Buddha ya nuna izininsa aka bar shi ya wuce ya karɓi ɗan abincinsa. Ya karɓa, ya yi wa mara lafiya fatan sauƙi, ya fice.

A nan hikimar take, in ka tambaye ni. Abin da ya kama mutum a cikin duhu, shi kaɗai, ba shi da fuska ba shi da suna, shi ya sa ya fi ƙarfinsa. Bukin ya sassaƙa masa fuska, ya kira shi da sunansa da na uwarsa, ya fito da shi tsakar gida gaban mutum ɗari. Da aka dube shi da kyau a hasken wuta, ashe wani mayunwaci ne mara wayo da ke roƙon loma, wanda ko ƙofa ba ya iya wucewa sai an sa masa hannu. Ido wa ka raina, in ji Bahaushe, wanda nake gani yau da gobe. Kuma mara lafiyar da aka ce kaɗaici ne ya kayar da shi, ga shi gari guda ya hana idonsa barci dominsa, dangi sun zuba kuɗi, maƙwabta sun dafa abinci. In ya yi dariya tare da su, ya dawo cikinsu ke nan. Kapferer ya tsaya sosai a kan wannan: dariyar shaida ce cewa mara lafiya ya koma ganin aljanin yadda masu lafiya ke ganinsa.

Kada a ɗauka ina cewa kiɗa na kashe ƙwayar kwalara. Ba ya yi, kuma wanda ya tsaya jiran tovil alhali yaro na amai da gudawa ya yi ganganci. Ta fuskar aƙida ma, Musulmi ba ya buƙatar a gaya masa matsayin miƙa hadaya ga aljan, su ma Musulmin Sri Lanka, da suka kusa kashi goma cikin ɗari, ba al'adarsu ba ce. Amma fahimtar abu daban, yarda da shi daban. Ciwon da ke tafe da firgita da damuwa da ƙuncin zuciya, wanda ke hana mutum ci da barci alhali gwajin asibiti bai nuna komai ba, mutanen nan sun gane tun da daɗewa cewa ba a jinyar sa a ɗaki a rufe.

Wani abin lura shi ne matsayin masu aikin. Akasarinsu daga zuriyar Berava suke, wato makaɗa na gado, waɗanda tsarin zamantakewar Sinhala ya ajiye a ƙasa. Mutumin da ya haddace ɗaruruwan baitoci, ya iya kiɗa da rawa da sassaƙa da barkwanci, wanda aka miƙa wa ran ɗan gida da dare, da safe ba lalle a ba shi kujera daidai da ta mai gida ba. Wannan ma ba sai an yi wa Bahaushe dogon bayani ba. Malaman addinin Buddha masu jan mayafi kuwa ba su da hannu a tovil. Nasu karatun kariya ne da ake kira pirit. Tun daga ƙarshen ƙarni na 19, da aka samu farfaɗowar addinin a birane, 'yan boko da masu hali suka riƙa kallon tovil a matsayin camfin ƙauye.

Ba duk fuskar itace ce ta jinya ba. Akwai Kolam, wasan kwaikwayo na dare da ake yi a fili don nishaɗi. Labarin asalinsa ya fi na Sanni daɗi: matar sarki Mahasammata ce ta samu ciki, kwaɗayin cikin nata kuwa ba na tsami ba ne ko gishiri, rawar da ba a taɓa gani ba take so ta kalla. Aka rasa yadda za a yi, sai aka wayi gari alloli sun ajiye fuskoki da baitoci a lambun fada. Shi ya sa har yau ake fito da sarki da sarauniya da manyan fuskoki masu nauyi, a zaunar da su, a yi wasan a gabansu. Kafin su iso kuwa sai an ga mutanen gari: tsohon sanƙira mai ganga da ya sha ya yi tatul, tsohuwar matarsa Nonchi, dagaci mai ji da kai da magatakardansa, sojoji da fuska duk tabo, 'yan sanda, da Jasaya mai wanki da matarsa Lenchina wadda idonta ke waje. Ƙasar ta ga mulkin Fotugal daga farkon ƙarni na 16, ta ga na Holan, ta ga na Ingila har zuwa 1948, kuma ma'aikatan da waɗannan gwamnatoci suka ɗora wa talakawa sun tsinci kansu a Kolam. Mai tuna wasan gauta ko tashe zai gane dabarar: abin da ba ka isa ka faɗa wa mai mulki da fuskarka ba, ka faɗa da ta aro. A cikin Kolam ne kuma ake ganin fuskokin Raksha, wato wasu dodanni masu idanu kamar ƙwai da haƙora zaƙo-zaƙo: Naga Raksha da gamsheƙai suka yi masa rawani, da Gurulu, tsuntsun da ke cin macizai.

In ka shiga rumfar masassaƙi a Ambalangoda, abin da zai fara ba ka mamaki shi ne rashin nauyin itacen. Sunansa kaduru, yana fitowa a fadama da gefen gonakin shinkafa, yana da taushi, kuma dole ya zama marar nauyi tunda mutum zai kwana yana tsalle da shi a fuska. Ana yanka gungumen gunduwa-gunduwa, a fitar da siffar da gizago, a rarake cikin, sannan a ajiye a kan hayaƙin murhu kwana da kwanaki don ya bushe ƙwari kuma su bar shi. Bayan nan a bi da ƙananan ƙarafa a fitar da ido da hanci da leɓe, a goge har ya yi santsi. A da da ganye mai kaushi ake gugar, launi kuma daga ƙasa da itatuwa ake haɗa shi a gauraya da wani mai don ya yi ƙyalli. Yanzu fentin kanti ya karɓe. Masassaƙin gado ba ya ƙirƙirar fuska yadda ya ga dama, akwai baitocin da suka faɗi kamannin kowane aljani, da su yake aiki. Ramin gani ma ba a ƙwayar idon yake ba, 'yar tsaga ce a ƙarƙashinsa, ta nan mai rawa ke leƙen makaɗi da wuta. Gidan Ariyapala Wijesuriya na cikin waɗanda suka yi suna a wannan sana'a a garin, kuma zuriyarsa na riƙe da gidan adana fuskoki da baƙi ke ziyarta.

Yau cikakken Sanni Yakuma na kwana guda ya yi wuyar gani. Tsada ce ta farko: makaɗa, masu rawa, kayan rumfa, abincin taro. Ga asibitin gwamnati kyauta, ga 'ya'yan Berava da yawa sun yi karatu sun kama wasu sana'o'i, wasu don gudun sunan da ke biye da ganga. Rawar kanta ba ta mutu ba, ta sauya gida. Ana koyar da ita a makarantu da jami'a a Kolombo, ana yin ta a bukukuwan ƙasa da otal-otal, an yanko minti goma mai wuta da tsalle an bar sauran. Wannan ma ba yau aka fara ba, tun cikin shekarun 1880 Carl Hagenbeck, Bajamushen nan mai baje kolin namun daji a Hambug, ya kwashi masu rawa daga tsibirin yana zagayawa da su Turai ana biya ana kallo, kuma tsofaffin fuskoki da dama suna gidajen tarihi na Jamus da Ingila.

A shagunan bakin titin Ambalangoda fuskokin Raksha ne suka cika bango, masu ɗawisu da masu harshen wuta da masu macizai, daga mai girman tafin hannu har wadda ta kai ƙofa, mai shago na gaya wa baƙo wannan ta kawo zaman lafiya, waccan ta tsare gida. Su ke tafiya. Fuskokin Sanni ƙanana ne, launinsu a dushe, kuma ba kowa ke son rataya mai amai ko mai maruru a falonsa ba. Sukan zauna can gefe a jere, Golu da bakinsa a buɗe, Bihiri da macijinsa a kunne.